Fayil ɗin Baba Mai Shanu

Shekarar da na koma kwalejinmu ta Funtuwa a matsayin ƙaramin malami aka ɗora mini sakataren kwamitin wasanni. Ba wata cancanta na yi ba. Ni ne ƙarami a sashen, ina da babur, kuma ban iya cewa a'a a gaban manya ba, duk da a bayan idonsu bakina ba ya hutawa. Na yi wata uku ina rubuta sunayen waɗanda suka zo taro da waɗanda suka aiko da uzuri, sai ga takarda daga ofishin magatakarda. Wai daga yanzu duk mai horar da ɗalibai wasa sai an buɗe masa fayil, a rubuta inda ya fito da inda ya koya da abin da ya taɓa yi, a haɗa da shaida. Wanda ba shi da abin nunawa a cire shi daga fili, kada ya horar, kada ya bi ɗalibai zuwa gasa. Aka ba ni mako biyu in haɗa komai.

Ina gama karantawa na san wanda takardar nan za ta ci.

Kwalejinmu ba ta taɓa yin abin kirki a ƙwallo ba. Duk inda muka je sai an lallasa mu, mu dawo muna zagin alƙalin wasa. Da langa muke ɗaga kai. Wanda bai gani ba zai ɗauka wasan yara ne kawai: ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, ka ture abokin karawa ya faɗi ko ya saki ƙafarsa, ku kuma ku kare naku ruwan, wato ɗan wasanku wanda in ya kutsa ya kai gaci kun ci wasan. To a tsakanin kwalejoji wasa ne sosai, da usur da riguna masu lamba da kofi. Ni kaina na yi shekara uku ina yi wa kwalejin langa lokacin ina ɗalibi, a hannun mutum uku, kuma su ukun nan na dawo na tarar.

Babbansu kowa Koci yake ce masa. Mutumin Musawa ne, dogo, mai son guga da turare. Takardun shaidarsa a jere suke a bangon ofishinsa cikin gilashi, har da ta wani kwas na kwana uku da muke yi masa tsiya a kanta a ɓoye. Na biyu Saje ne, tsohon soja daga Ƙarfi, wanda ke fitar da mu gudu bayan sallar asuba har sai mun riƙa ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Waɗannan ban damu da su ba, Koci yana da bango guda, Saje yana da takardar sallama daga soja.

Na ukun Baba ne. A wurin hukuma shi mai kula da shanun huɗa ne na gonar kwaleji, ba abin da ya haɗa shi da fili. Dattijo ne siriri daga Maska, jinin makiyaya da suka daɗe da zama, Fulatancinsa bai wuce na gaisuwa da kiran saniya ba. Bai taɓa riƙe usur ba, ban kuma taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kullum da hantsi zai cire takalmi ya bi filin langa taku bayan taku, yana tsince tsidau da tsakuwa da fasasshiyar kwalba. In an tashi daga horo da yamma, mu muna shan ruwa, shi yana durƙushe yana duban sawun da muka bari a ƙasa. Daga sawun nan yake gane wanda ƙafarsa ta gaji, da wanda ke ɓoye ciwo, da wanda ya kamata ya sauya ƙafar tsayuwa. Haka yake gane saniyar da ke shirin gurguncewa tun kafin ta fara ɗingishi.

A shekarata ta biyu ya yi mini abin da na daɗe ban yafe ba. Saura kwana huɗu gasa, an riga an ce ni ne ruwa, na gaya wa duk wanda na sani har da wadda nake nema a lokacin. Baba ya duba sawuna ya je ya raɗa wa Koci magana, aka zaunar da ni a benci. Na yi wata guda ba na gaishe shi. In na hango shi sai in sauya hanya, shi kuwa in mun yi kiciɓis sai ya riga ni gaisuwa. Da na je asibiti daga baya likita ya ce da na yi wasan nan da gwiwata ta dama ta tashi aiki. Yau da ita nake hawa benen ofis, da ita nake durƙusawa a sallah. Ban taɓa buɗe baki na ba shi haƙuri ba, sai dai na koma gaishe shi, ya amsa kamar ba a yi komai ba.

To wannan mutumin ne ba shi da ko guntuwar takarda.

Na raba fom ɗin, bayan kwana biyu na bi ina karɓa. Abin da na gani ya ba ni haushi. Koci, mai bango cike da gilashi, ya jera makarantun da ya yi, amma a gurbin da aka ce ka faɗi nasarorinka sai ya rubuta Alhamdu lillahi ya ja layi. Saje ya rubuta lambarsa da muƙaminsa, sauran ya ce na gwamnati ne. Baba kuwa ba ya rubutun boko, don haka na same shi a garke, na zauna a kan kwamin ruwan shanu da biro a hannu.

"Baba, ina ka koyi langa?"

"Ana koyon langa, Malam? Yara muke, muka ga ana yi, muka yi."

Tun da na dawo da aiki ya koma ce mini Malam, ni kuma kunya take kama ni duk sanda ya faɗa.

"Ka taɓa cin wata gasa?"

"Waɗanda suka ci suna da yawa."

"To mi zan rubuta?"

"Rubuta noma. Shi na iya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ba wasa ba ne fa. Cire ka za su yi daga fili. Gasar da za a je ƙarshen wata ma ba da kai ba."

Ya ce, "In sun ce in bari sai in bari. Ga shanu nan."

Da murya kwance ya faɗa. Amma ina kallonsa ya kwance igiyar bijimi guda ya sake ɗaurewa har sau uku, alhali ba abin da ya sami ɗaurin farko. Na tashi na tafi ina ƙunƙuni, ina cewa a raina mutanen nan sai ka ce tambayar su aka yi abin kunya.

Mafita ta zo mini a kan babur. Ranar Juma'a Saje ya roƙe ni in kai shi gida, muka kama hanyar Malumfashi. Kaka ce, motoci sai wuce mu suke da buhunan masara, ko'ina an baza waken suya a gefen kwalta. Na fara yi masa ƙorafin fom ɗin Koci, sai ya daka mini tsawa a kunne.

"Kai yaro, ka san ko wane ne Koci kau?"

Bai jira amsa ba. Ashe Koci gola ne a ƙuruciyarsa, irin wanda ake zuwa kallo daga wasu garuruwa. Wata babbar ƙungiya ta aiko a kai shi, har an ɗinka masa jaka, sai mahaifinsa ya rasu a tsakiyar damina ya bar gona da ƙanne bakwai. Ya kwance jakar ya ɗauki fartanya. Daga baya ya yi karatun malanta, aka tura shi wata firamare da ba ta da fili, shi da yara suka sassabe fako da hannu suka kafa raga da itacen dalbejiya. Takardun bangon nan duk da girmansa ya tara su, yana koyarwa yana karatu a lokacin hutu. Na tsayar da babur a gindin wata ɗorawa na zaro takarda, Saje yana faɗa ina rubutawa, yana gyara mini in na rage wani abu.

Ranar Litinin na shiga ofishin Koci, ban tambaye shi komai game da kansa ba, na ce ya ba ni labarin Saje. Mutumin da ya ja mini layi a fom sai ga shi ya ture kujera baya ya yi awa guda yana magana. Saje ɗan gudun dogon zango ne na bataliyarsu. Ya yi shekaru yana horar da kurata. Ya taɓa goyo wani da ya ji rauni tun daga hantsi har la'asar a cikin daji, kuma ko matarsa a bakin wani ta ji. A nan na gane kuskurena. Fom ɗin an tsara shi ne don mutum ya zauna ya yabi kansa, su kuwa ba a yi musu tarbiyyar haka ba. Kowannensu yana riƙe da tarihin ɗan'uwansa tsaf, nasa ne kawai ba ya iya faɗa.

Da na kawo maganar Baba sai Koci ya ɗan ja baya. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Yana taimakawa ƙwarai." Saje da ke bakin ƙofa ya yi tsaki. Kakar Saje Babarbariya ce, don haka bawana yake ce wa Baba, irin wasan Barebari da Fulani, kullum suna cikin tsokanar juna.

Ya ce, "Taimakawa? Bawan nan nawa shi ne langar. Amma mu a nan muka gan shi da shanu. In kana son na baya, tafi Maska."

Na tafi ranar Laraba da safe. A majalisar bakin masallaci na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Dattawan suka dubi juna, ɗaya ya ce in dai labarin langar wancan zamani ne, in je wurin mai tufka. Aka nuna mini wani tsoho a gindin tsamiya, ya miƙe ƙafa ɗaya a tabarma, ga sanda a jingine, yana murza igiyar rama a cinyarsa. Da ya ji sunan Baba sai fuskarsa ta washe, ya ajiye tufkar.

Ban taɓa jin mutum ya yabi wani haka ba. Ya ce sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya. Ya ce kaka bakwai a jere ba wanda ya kai Baba ƙasa a duk karkarar nan. In an cire amfanin gona ƙauyuka sukan gayyaci juna langa, da makaɗa da 'yan mata, to har aron Baba ake zuwa yi, a kawo goro a roƙi mahaifinsa. Ya ce yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya tun la'asar har a kira magariba. Ba ƙarfi ya fi kowa ba, ido ya fi su, yana kallon ƙafarka ya san inda za ka faɗi kafin kai ka sani. Tsohon yana faɗa yana kwatantawa da hannu, yana dariya har da tari.

Na ce, "To mi ya sa ya bari?"

Ya ɗauki tufkarsa ya ce, "Girma ya zo."

Ya dangwala mini yatsa a ƙasan abin da na rubuta, mai unguwa ma ya sa hannu. Da zan tafi ya dogara sanda ya shiga gida da ƙyar yana jan ƙafa, ya fito da ƙullin gyaɗa ya ce in kai wa abokinsa. Na dawo Funtuwa ina waƙa a kan babur.

Washegari a ofis na zauna rubutawa, sai na ga abin bai cika mini ido ba. Langar ƙauye, makaɗa, goro. Na tuna magatakarda, wata Hajiya mai tabarau wadda ko shugaban kwaleji yana gyara tsayuwa in zai shiga wurinta. Na ce wannan ba za ta karɓi goro a matsayin shaida ba. Sai na ƙara gishiri. Na rubuta cewa Baba ya taɓa wakiltar jiha, na kuma ƙirƙiro masa wani ɗan kwas da na ce takardarsa ta ɓata a gobara. Ban ji ko ɗar ba. Na gaya wa kaina ceton bawan Allah nake yi, kuma wa zai bincika abin da ya wuce shekara arba'in.

Na same shi da hantsi a fili, ba takalmi, aljihunsa cike da tsakuwa. Na miƙa masa gyaɗar, na ce ya tsaya in karanta masa ya dangwala. Ya saurara kansa a sunkuye har na zo wurin jiha.

"Wace jiha?"

"Baba, haka ake rubutawa."

"Ni ban wuce Bakori da langa ba. Goge. Gobarar ma goge, Allah ya tsare mu da ita."

Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu. Ya juya ƙullin gyaɗar ya dubi irin ɗaurin da aka yi masa.

"Wa ya ba ka labarin Maska?"

Na ce mai tufka, na gindin tsamiya.

"Mi ya ce maka game da ƙafarsa?"

"Bai ce komai ba."

Baba ya zauna a ƙasa, a nan tsakiyar fili. Ban taɓa ganin ya zauna a fili ba. Ya ce, "Ni na karya shi."

Ya ba ni labarin ba tare da ya dube ni ba. A kaka ta bakwai ne, aka raba su gida biyu, abokin nasa ya faɗo a ɗaya ɓangaren. A gonar dawa aka yi wasan, an yanke kara amma ba a tone kututture ba, ba wanda ya damu ya duba. Abokin ya riga ya saki ƙafarsa, ya fita daga wasa, kowa ya gani, Baba ma ya gani. Amma makaɗa suna kiran sunan Baba, 'yan mata suna guɗa, kansa ya yi zafi, ya bi shi ya bangaje shi ta baya. Abokin ya faɗa kan kututture, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ba ta koma daidai ba. Mutumin da ke shirin shiga soja ya ƙare a tufkar igiya, ko garma bai ƙara riƙewa ba. Daga ranar Baba bai sake kama ƙafarsa da sunan langa ba.

"Ya yafe mini tun a kan tabarmar ɗori," in ji shi. "Ya ce wa mutane tuntuɓe ya yi. Har yau haka yake faɗa. To ka rubuta wannan."

Na ce, "Baba, ka san abin da kake cewa? Ni ina ta fama in cece ka, kai kana ba su wuƙa. Mutumin da abin ya sama ma ya rufa maka asiri, sai kai za ka tona?"

"Shi yana da ikon rufewa, ƙafarsa ce. Ni ba ni da shi. 'Ya'yan mutane za su ba ni, Malam. Su san wanda suke ba wa."

Na ce wallahi ba zan rubuta ba. Ya ce to shi ma ba zai dangwala ba. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ci gaba da tsintar tsidau daga inda ya tsaya. Na bi shi ina magana har ƙarshen fili, shi yana ta tsintarsa. Na koma ofis na yaga takardar, na zauna ina huci. Na ji haushinsa, na ji haushin Hajiya da fom ɗinta, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne ni da na je makaranta na zo da ƙarya, shi da bai je ba ya mayar mini da ita. Da azahar na sake rubutawa, yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Na kai masa ya sa na karanta sau biyu, sannan ya dangwala.

Kafin in miƙa sai na kai wa Koci, domin shi ne babba, dole ya sa hannu. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce in bar masa fayil ɗin zuwa gobe. Da safe ya miƙo mini shi da wata wasiƙa shafi biyu a ciki, da rubutun hannunsa mai kyau. Ya rubuta cewa ranar da aka ba shi 'yan langa bai san komai a kanta ba, shi ɗan ƙwallo ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya yi wata biyu yana hura usur a banza, sai wata rana mai shanu ya leƙo ta kan shinge ya ce masa yaron da ya sa ruwa ƙafarsa ta hagu ba ta da lafiya. Tun daga nan duk wanda aka zaɓa da duk wanda aka zaunar, shawarar Baba ce. Duk kofin da ke ofishin shugaba, shi Koci ya karɓa a gaban jama'a, amma ba shi ya ci ba. Ya rufe da cewa in takardunsa suna da wata daraja, to da su yake shaida cewa wannan mutum malaminsa ne.

Na ɗago na dube shi. Yana ta gyara wata takardar bango da ba ta karkace ba.

Ya ce, "Kada ka nuna wa Saje."

Saje kuwa ya riga ya karanta ta kan kafaɗata. Ga mamakina bai yi tsiya ba. Ya ƙame ya sara wa Koci, ya juya ya fita da sauri.

Na kai fayilolin ofishin Hajiya ranar da wa'adi ya cika. Ta karɓa ba ta ɗago ba, ta ce in tafi za a neme ni. Kwana tara ba labari. Baba bai daina bin fili da hantsi ba, amma da yamma ya daina shigowa, sai ya tsaya bayan shinge kusa da shanunsa, wai kada ya karya doka kafin a yanke. Yara suna horo suna waiwayensa. In an watse sai ya tambaye ni daga nesa ko sawun wane ya zurfafa ta diddige, in je in duba in dawo in gaya masa, ni da ban iya karanta komai a ƙasa ba. Kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba.

Ana gobe tafiya gasa, bayan la'asar, masinja ya ce Hajiya na kira. Na shiga na rusuna.

"Wa ya sa ka rubuta zancen ƙafar nan?"

"Ranki ya daɗe, shi ya tilasta ni. Na so in hana."

Ta cire tabarau ta dube ni har na tsargu. Ta ce ta karanta sau biyu. Ta ce doka shaida ta nema, kuma wasiƙar babban mai horarwa da hannun mai unguwa da yatsan mai tufka sun ishe ta shaida. Ta miƙo mini jerin sunayen masu tafiya, ta mayar da tabarau ta ce in rufe mata ƙofa. A tsakar baranda na duba. Masu horarwa uku ne, sunan Baba na ƙarshe.

Na ruga garke ban same shi ba, an ce ya tafi cikin gari neman maganin wani bijimi, ga shi ba ya riƙe waya. Na jira har magariba na haƙura.

Da safe bas ɗin kwaleji ya tsaya a bakin fili, yara suna ta loda jakunkuna. Sai ga Baba ya taho da kayan gona, riga duk dusa, ba jaka ba komai. Sallama ya zo yi wa yara. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce masa kada ya yi gaggawa, wancan ya ce ya ɗaure idon sawu. Na nufe shi zan gaya masa, Koci ya riƙe mini hannu, ya karɓi takardar ya fara kiran suna da ƙarfi yadda doka ta ce. Ya gama da 'yan wasa, ya ce masu horarwa, ya kira nasa, ya kira na Saje, ya kira na Baba.

Baba ya waiwaya bayansa, ko akwai wani mai irin sunan. Yara suka kaure da ihu. Ya tsaya hannuwansa a sake, can ya ce, "Ban shayar da shanu ba."

Saje ya ce, "Shiga mota, bawan banza. Yau ubangidanka zai yi maka bauta." Ya naɗe hannun riga ya ja yara huɗu suka nufi rijiya. Direba ya yi ta mita, ba wanda ya kula shi. Koci ya buɗe jakarsa ya ciro rigar wasa gogaggiya ya ba Baba, ta sauko masa har gwiwa, ba wanda ya yi dariya sai Saje da ya dawo.

Ni na zauna kusa da shi. Mun bar gari, mun wuce gonakin auduga, yara suna waƙa a baya. Ina so in ce masa na gode, da gwiwata, da ƙaryar da ya hana ni, da wata gudan da na yi ba na gaishe shi, amma na rasa ta inda zan fara. Sai shi ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, zancen ƙafar nan. Ta karanta kau? Ko cirewa ka yi?"

"Ban cire ba, Baba. Sau biyu ta karanta."

"Ta san ya riga ya saki ƙafa na ture shi?"

"Ta sani. Koci ma ya sani, da Saje."

"Kuma suka bar ni da yaran?"

"Suka bar ka."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya fuskarsa wajen taga. Shekara da shekaru yana tsintar ƙaya a gaban 'ya'yan mutane, yana jiran ranar da za a sani a kore shi. Na ga kafaɗunsa suna rawa a cikin rigar Koci. Na matsa gaba kaɗan na kare shi, don kada yara su gani.